Yadda ake sayen tsohuwar bindigar farauta mai liba a Amurka, a duba ta, a harba ta ba tare da an lalata ta ba

Tun da wasu 'yan uwa mazauna nan Amurka suka ga tsohuwar Winchester ɗina, tambaya ba ta yanke ba: a ina ake samu, nawa ake saye, kuma da gaske ana iya harba bindigar da ta girmi kakan mutum? Ana iyawa. Ina nufin irin bindigar nan ta finafinan kaboyi, wadda ake tura libar da ke ƙarƙashinta gaba a dawo da ita, kwanson da aka harba ya fita, sabon harsashi ya shiga. Abin da na lura shi ne, shekara ɗari ba ta cika kashe irin waɗannan bindigogi ba. Wanda ke kashe su shi ne sabon mai su, a makonsa na farko, da samfefa a hannu ɗaya da harsashin da bai dace ba a ɗayan. Don haka ga matakan a jere, kuma jerin yana da muhimmanci.

1. Fara da doka, kafin ka taɓa aljihu

A dokar tarayya ta 1968, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan kayan tarihi ce, ana iya sayenta ba tare da an bi ta hannun dillali mai lasisi ba. Wadda aka ƙera daga 1899 zuwa sama kuwa, ko da ta yi shekara 120, bindiga ce kamar kowace. In daga wata jiha ka saye ta, sai ta bi ta hannun dillali mai lasisin tarayya, wato FFL, ka cika fom 4473, a binciki sunanka, ka biya shi ladan da yawanci ke tsakanin dala 25 da 50. Wanda ya yi niyyar tarawa da gaske yana iya neman lasisin masu tara kayan da, wato C&R, dala 30 na shekara uku, wanda ya shafi bindigogin da suka haura shekara 50.

Gargaɗi: jihohi suna da nasu dokokin, kuma irin su New Jersey da New York sun fi tarayya tsanani nesa ba kusa ba. Sannan in da biza kake zaune, ta karatu ko ta aiki, ba girin kad ba, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga da harsashi sai in ka shiga cikin waɗanda aka ware, misali mai lasisin farauta. Tsufan bindigar ba ya wanke harsashin. Ka tambayi lauya ko hukumar jiharka tukuna. Kuma wannan sassauci na 1898 ba ya bin ka zuwa filin jirgin Kano ko na Yamai. Can mallakar bindiga sai da lasisi, don haka kada tunanin kai ta gida tsaraba ya ma zo maka.

2. Yanke shawara: ta ajiya ce ko ta harbi?

Henry ta 1860 da Winchester ta 1866 mai jikin tagulla na kallo ne. Harsashinsu an daina yin sa tun da daɗewa, kuma kuɗin Henry ta asali ya kai na sabuwar mota, wani lokaci na gida. A 2016 kamfanin gwanjo na Rock Island ya sayar da wata Winchester 1886 mai lamba 1 a kan sama da dala miliyan 1.2. Mu ba can muka dosa ba.

Ga mai son ya harba abin da ya saya, shawarata ita ce Winchester 1894 mai harsashin .30-30. John Browning ne ya zana ta, an yi sama da miliyan 7, kayan gyaranta ba sa wuyar samu, harsashinta kuma akwai shi a kusan kowane kantin kayan farauta, kwalin 20 a kan dala 25 zuwa 35. Wadda aka yi kafin 1964 ta fi daraja, domin a shekarar ce kamfanin ya rage ingancin aiki don rage kuɗi. Mai lafiya daga cikinsu, wadda ta sha hannu amma ba a taɓa mata komai ba, ka tanadi dala 800 zuwa 1,500. Bayan ita sai 1892, 'yar ƙarama mai sauƙin ɗauka, da Marlin 1893 wadda ke fitar da kwanso ta gefe kuma ta fi araha don suna kawai, da Savage 1899 da ba ta da gudumar waje.

Ita kuwa 1873 da kowa ke mafarki, ta harbi tana farawa ne daga wajen dala 1,500 ta haura. Makullinta na ciki gaɓoɓi ne masu lanƙwashewa kamar gwiwa, ba su da ƙarfin na Browning, don haka ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da ita. In siffarta ce ta tafi da kai, akwai sababbi da Uberti ke yi a Italiya da waɗanda Miroku ke yi wa Winchester a Japan. Ka harba waɗannan son ranka.

3. Kayan aikin da za ka riƙa kafin ka je kasuwa

'Yar tocila mai lanƙwasa ta leƙa bututu, gilashin ƙara girman rubutu, da takardar da ka rubuta lambobin shekarun samfurin da kake nema. A gida kuma: sukudireba na maƙeran bindiga masu baki a daidaice, sandar goge bututu guda ɗaya marar haɗi, da 'yar mazurarin da ke kare bakin bindiga, ƙyallaye, mai irin Ballistol, da kakin Renaissance Wax. Duka ba za su wuce dala 150 ba. In da hali ka ƙara 'yar kyamarar leƙa bututu da ake haɗawa da waya.

Gargaɗi: sukudireban gyaran kujera bakinsa kamar tsinin gatari yake, yana zamewa ya ci kan kusa. Mai saye na gaba kusoshin zai fara kallo.

4. Duba ta a hannu, kuma a wannan jerin

Wuraren saye su ne kantunan bindiga na ƙauyuka, kasuwannin baje koli irin ta Wanenmacher da ake ci sau biyu a shekara a Tulsa ta jihar Oklahoma, gidajen gwanjo irin Rock Island da Morphy, da kuma GunBroker a intanet. A gwanjo ka tuna akwai ladan gida da ake ɗorawa kan farashi, yawanci sama da kashi 15 cikin ɗari. A intanet kuma kada ka yi cinikin biri a sama: ka nemi sharaɗin kwana uku na dubawa da mayarwa, wanda al'ada ce a wannan harka muddin ba ka harba ba kuma ba ka kwance ba.

Da farko nemi izini kafin ka ɗauka. Ka juya bakinta inda babu mutum, ka buɗe liba, ka leƙa ɗakin harsashi, ka kuma ga kan abin da ke turo harsashi daga bututun ƙasa, inda harsasai ke jere. Tsohon sifirin yana iya maƙale harsashi a ciki shekara da shekaru, sai ranar da aka jijjiga ya faɗo.

Sai bututu. Haska daga baya, ka leƙa ta gaba. Abin da kake nema shi ne tsagar nan mai murɗewa ta fito da kaifinta tun daga farko har baki. Ɗan duhu da ƙananan ramukan tsatsa ba sa hana bindigar zamanin albarushi yin saiti da harsashin dalma. Abin gudu shi ne baƙin zobe a wuri ɗaya, alamar an taɓa harbi alhali wani abu ya toshe, bututun ya kumbura. Shafa yatsu biyu a bayansa daga sama har ƙasa, za ka ji kumburin. In ka ji shi, ka ajiye ka yi gaba. Duba bakin sosai, domin yawancin Winchester ta baki ake goge su, kuma sandar ƙarfe ta shekara ɗari tana cinye tsagar inci na ƙarshe.

Daga nan liba. Ka motsa ta a hankali: ta tafi sumul, ta rufe da ƙarfi, kada ta riƙa lilo. Ja guduma zuwa rabin zango, inda shi ne babban makarin da tsofaffin nan suke da shi, ka matsa kunama da sauƙi. Bai kamata ta faɗi ba. Ja ta har ƙarshe, ka tura ta da babban yatsa ba tare da ka taɓa kunama ba. In ta kuɓuce, akwai aikin maƙeri, kuma sai an rage kuɗi. Kada ka saki guduma ta bugi wofi, allurar tsohuwar bindiga tana karyewa.

Sai rinin ƙarfe, kuma a nan aka fi cin mutane. Ni ma a nan aka ci ni. Wata 1892 na gani a wata kasuwa tana sheƙi baƙi wuluk, mai ita ya ce a akwatin kakansa ta kwana. Sai da na zo gida na sa gilashi na ga haruffan sunan kamfanin sun yi laushi, gefunansu sun dusashe, ramukan kusoshi sun yi kwari kamar faranti. An goge ta ne da inji aka sake rina ta. Tana harbi lafiya lau har yau, amma rabin kuɗin da na biya ya tafi. Bindiga ta asali tana kwailewa ne a inda hannu ke kamawa, ƙasan jiki da bakin bututu da gefuna, rinin kuma ya rage a lungunan da hannu ba ya kai wa. Wadda ta tsufa ko'ina daidai wa daida, ko ba ta tsufa ko'ina ba, a tambaye ta. Masu tarawa suna auna daraja da yawan rinin asali da ya rage: a ma'aunin kayan da na NRA, ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, sama da kashi 80 shi ne Excellent, sama da kashi 30 shi ne Fine.

Ƙarshe katako. A masana'anta ana barin katako ya ɗan ɗara ƙarfe tudu a inda suka haɗu. In ka ga ƙarfe ne ya fi tudu, an sha shi da samfefa. Duba wuyan ƙota bayan guduma, nan tsagewa ke ɓuya. Ƙirga ramukan da ke jikin ƙarfen, domin duk ramin da aka huda daga baya don ɗora madubin hange ragin kuɗi ne.

5. Tabbatar da shekara da takarda

Lamba tana ƙasan jiki ko a wutsiyar ƙasa, gwargwadon samfuri. Gidan tarihin bindigogi na Cody da ke jihar Wyoming yana riƙe da littattafan masana'antar Winchester da na Marlin, kuma in lambarka tana cikin waɗanda suka tsira, za su rubuto maka wasiƙa, bayan ka biya, mai nuna ranar da ta fita, harsashinta, tsawon bututu da siffarsa. In wasiƙa ta ce bututu mai kusurwa takwas, taka kuma zagayayye ne, to an sauya.

Gargaɗi: a kan 1894 akwai tsohon lissafi da ke yawo wanda ya ce duk lambar da ba ta kai 148,000 ba kafin 1899 aka yi ta. Littattafan masana'anta sun nuna iyakar tana wajen 54,000 ne. Mai sayarwa zai so tsohon lissafin, domin yana ƙara masa kuɗi. Kai kuwa doka ce a kanka.

6. Tsaftacewar farko: a cire datti, a bar tsufa

Launin ƙasa-ƙasan nan da ƙarfe ya yi ba datti ba ne, shi ne abin da ka biya kuɗi a kai. A 2014 ma'aikata sun tsinci wata 1873 jingine da bishiya a gandun Great Basin na jihar Nevada, ƙirar 1882, rana da ƙanƙara sun mayar da ita fari-fari. Masu adana kayan tarihi ba su goge ta ba, sun dai tsayar da lalacewar suka bar ta yadda take. Ka yi koyi da su.

Shafa mai da ƙyalle, ka bar shi ya kwana, ka goge. Inda jar tsatsa ta yi tudu, jiƙa ta da mai kwana biyu, ka kankare a hankali da gefen tsabar tagulla. Katako kuwa ƙyalle mai ɗan laima ya ishe shi, sai kaki kaɗan. Ban da samfefa, ban da man goge tagulla a jikin 1866 ko a ɗagin harsashin 1873, ban da ruwan cire tsatsa na kanti domin da rinin yake tafiya, ban da sabon fenti. Duk wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Kusar da ta ƙi juyawa a ɗiga mata mai a dawo gobe.

Marlin tana da sauƙi: kusa ɗaya ta liba za ka cire, makulli ya zaro ta baya, ka goge bututu daga baya. Winchester 1886 da 1892 da 1894 kuwa kada ka kwance cikinsu a karon farko, mayarwa ba wasa ba ce. Goge ta baki, da mazurarin kariya, bindigar a kife don dattin ya zubo waje.

7. Kai ta wurin maƙerin bindiga

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa don ƙyashin dala 50 zuwa 100. Nemi wanda ya saba da tsofaffi, ka ce ya auna tazarar da ke tsakanin makulli da gindin harsashi da ma'aunansa, ya duba allura da sifirin, ya kuma zuba narkakken Cerrosafe, wani ƙarfe mai saurin narkewa, a ɗakin harsashi don a ga ainihin siffarsa. Dalili shi ne an sha sake wa bindigogin nan ɗaki a shekarun baya ba tare da an sauya rubutun da ke kan bututu ba. Ka ce ya tura dunƙulen dalma mai laushi ta cikin bututun ya auna faɗinsa. Tsofaffin .44-40 sukan zo da .427 na inci, sababbin harsasai da yawa kuma .429 ne. Na .38-55 ma faɗinsu ya sha bamban daga wata zuwa wata.

8. Harsashi: karanta bututu harafi da harafi

Abin da Winchester ta rubuta 44 W.C.F. shi ne .44-40, 38 W.C.F. shi ne .38-40, 30 W.C.F. shi ne .30-30. Inda ake rikicewa shi ne 32, domin guda uku ne kuma babu mai shiga madadin wani: 32 W.C.F. wato .32-20, da .32-40, da 32 W.S. Lamba ta biyu a sunayen nan nauyin garin da ake ɗurawa ne a zamanin, ba wani girma ba.

Sannan ƙarfen. In an rubuta Nickel Steel a bututun Winchester, ko Special Smokeless Steel a na Marlin, an yi shi ne don garin zamani marar hayaƙi, kuma in maƙeri ya wanke ta, .30-30 na kanti ya halatta. In Marlin ta ce For Black Powder, ko kuma 1873 ce ko 1876 ko farkon 1886, to albarushi aka san ta da shi. Ka ba ta harsashin albarushi, ko mai sauƙin nan da ake rubuta Cowboy a kwalinsa, kuma na dalma zalla, domin mai rigar tagulla yana cin tsohon ƙarfe. Kwalin 50 na .44-40 yakan kai dala 50 zuwa 70.

Gargaɗi huɗu a nan, kuma kowanne yana iya raba mutum da yatsa ko ido. Bindiga mai bututun ƙasa harsasanta a jere suke, kan wannan a gindin wancan, don haka mai tsinin kai yana iya tayar da na gabansa. Mai faffaɗan kai ko mulmulalle kawai ake sa wa. Na biyu, .375 Winchester yana iya shiga ɗakin .38-55, ƙarfinsa kuma ya fi nata nesa. Na uku, .45-70 iri-iri ne, tsohuwa tana son wanda aka yi daidai da ƙarfin Trapdoor, tsohuwar bindigar sojan Amurka, ba mai zafin da ake yi wa sababbin Marlin ba. Na huɗu, tsofaffin harsasan da mai sayarwa ya haɗo maka kyauta na ajiya ne. Wasu hularsu, wato abin da allura ke bugawa a gindin harsashi, mai cin ƙarfe ce, wasu kuma masu rubutun High Velocity an yi su ne don 1892, suna iya fasa 1873. Harsashin da wani ya ɗura a gidansa ma kada ka karɓa.

9. Ranar farko a filin harbi

Tabarau da toshiyar kunne dole ne. Ka zauna a benci, ka ɗora ta kan buhun yashi, allo a yadi 25. Saka harsashi ɗaya tak. A 1894 sai ka matse liba da hannu sosai kafin kunama ta saki, kada ka ɗauka lalacewa ce. Harba, ka buɗe a hankali, ka ɗauki kwanson ka duba: ya tsage? Ya kumbura kusa da gindi? Hular ta turo waje? In ɗaya ya faru, harbi ya ƙare yau. In lafiya, maimaita sau biyar ɗaya-ɗaya, sannan ka sa biyu ta ƙofar gefe ka ga yadda take ɗagowa. Liba tana son a kai ta ƙarshe a dawo da ita da niyya. Mai yi mata sanyi-sanyi shi ke sa ta cije.

In ka matsa kunama ba ta tashi ba, ci gaba da nuna allo, ka ƙirga daƙiƙa 30 kafin ka buɗe. In ta tashi da 'yar ƙara ba kamar sauran ba, tsaya ka leƙa bututu, wataƙila harsashin yana ciki. Haka kumburin da muka yi magana a mataki na 4 ke samuwa.

Ramukan allo su zama zagayayyu. In ka ga rami mai tsawo, harsashin a kaikaice ya isa, wato ya yi wa bututun ƙanƙanta ko bakin ya cinye. Gyaran saiti kuwa, na baya ake matsarwa zuwa inda kake so harsashi ya koma, da ɗan turmin tagulla da bugu kaɗan-kaɗan. Idon da ya fara tsufa irin nawa zai ji daɗin saitin Lyman ko Marble mai 'yar ƙofa, wanda ke hawa kan ramukan da masana'anta ta riga ta huda a wutsiya, ba sai an taɓa ƙarfe ba.

Gargaɗi: sauke harsashi ya fi ɗurawa haɗari, domin kowanne sai ya bi ta ɗaki guduma a ɗane kafin ya fito. Yatsa a wajen kunama, baki a ƙasa ko a allo, ka yi ta juya liba har sau biyu bayan na ƙarshe ya faɗo. In farauta ka nufa, waɗannan na yadi 100 ne zuwa 150, kuma jihar California ta hana farauta da harsashin dalma tun 2019, abin da ya fitar da yawancin na zamanin albarushi daga dajinta.

10. Wanki a ranar, da ajiya

Duk wanda ya taso kusa da maharba masu bindigar toka ya san ƙazantar albarushi: tana jan laima, ta zama tsatsa kafin gari ya waye. Mai ba ya narkar da ita, ruwa ke yi. Saka kwanson da aka harba a ɗaki ka rufe don ya tare ruwan, ka bi da ƙyalle mai ruwan zafi da ɗan sabulu har ya fito fari, ka busar sarai, sannan mai. Bayan kwana biyu ka sake zura ƙyalle ka gani. Mai garin zamani kuwa ruwan goge bututu na Hoppe's da mai sun wadatar. Wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, saboda dalma.

Ajiye ta babu harsashi, a akwatin ƙarfe mai kulle, harsashi kuma a wani wurin daban, musamman gidan da ke da yara. Laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 da 50. Kada ta kwana a jakar fata ko akwati mai soso, suna riƙe danshi. Jingine ta baki ƙasa na kwana biyu bayan shafa mai, don kada man ya gangara ya jiƙa wuyan ƙota ya baƙanta shi ya ruɓar. Ɗauki hoton lambarta da kowane gefe, ka haɗa da rasit da wasiƙar Cody a ambulan ɗaya, ka rubuta faɗin bututun da maƙeri ya auna da sunan harsashin da ta fi so a bayansa.